Motar Manaja Ta Ce Ƙas

Mijin yayata bai taɓa yarda na taɓa masa mota ba. Shekara goma sha biyu ina gyaran wutar mota, mutane na tasowa daga nesa su zauna a bencin rumfata suna jiran layi ya zo kansu, amma shi ko jingina na yi da motarsa sai ya zaro hankici ya goge wurin. Manaja muke ce masa, don shi ke riƙe da reshen wani kamfanin fenti mai ma'aikata huɗu, har da mai gadi. Ni ne ƙarami a ɗakinmu, kowa Auta yake kirana. Shi kaɗai ke ce min Bakanike, kuma yadda yake furta kalmar sai ka ce ya ɗago mataccen ɓera ta wutsiya.

Motarsa wani babban gareji yake kai ta, mai ƙofar gilashi, inda ake zaunar da mutum a kujera mai laushi, a ba shi ruwan sanyi, a kawo masa takardar da kwamfuta ta buga. Ni kuwa rumfar kwano gare ni, da benci, da akwatin ƙarfe. Ban taɓa tanka masa ba. Ina dai jiran ranata.

Wata Asabar da safe na je gidansu a kan babur, na kai wa Yaya dutsen gugarta da na gyara. Yaya ma'aikaciyar jinya ce, kuma ran nan za ta rubuta jarrabawar ƙarin girma da ƙarfe goma. Wata uku tana fama, ta dawo daga aiki ƙafa a kumbure ta buɗe littafi a kan teburin cin abinci. Na same ta tsaye a ƙofar gida da jakarta, biro uku a hannu, bakinta na motsi tana bitar sunayen magunguna. Manaja na bakin titi yana zagaya motar da tsumma, sanye da fararen kaya da suka sha guga har suna ɗaukar ido.

"Abban yara, da ka bari na hau tasi ka huta abinka," in ji Yaya.

"Tasi? Matata, ranar jarrabawa? Shiga mu tafi. Yanzu takwas ta yi, tafiyar minti arba'in ce, ke za ki jira su ma."

Ta shiga gaba ta zauna. Shi ma ya shiga, ya gyara madubi, ya gyara zaman hula, ya ɗaga min yatsa biyu alamar sai an jima. Ya murza makulli.

Ƙas.

Ya sake murzawa. Ƙas. Ƙara ɗaya tak, kamar an ƙyasta ashana ba ta kama ba. Ya zare makullin ya dube shi, ya hura masa iska, ya mayar. Ƙas.

Na riga na ɗora ƙafa zan tayar da babur. Na sauke ta a hankali, na gyara zama a kan sirdi, na naɗe hannu. Ba zan ɓoye ba, wani sanyin daɗi ne ya ratsa ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa.

Manaja ya fito ya buɗe bonet, bayan ya fara buɗe but ɗin kaya na baya da murfin tankin mai bisa kuskure. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon injin, kallon da mutum ke yi wa wasiƙar da aka rubuto da harshen da bai iya ba. Ya taɓa wata roba, ya dubi yatsansa, ya goge a tsumma.

A ƙasan benensu akwai shagon magani. Mai Kemis, wani dattijo mai tumbi da ba a yin magana a titin ba da shi ba, ya baro kantarsa ya zo.

"Subhanallahi, Manaja, jikin ne? Mu tura ta mana."

"Mai canja giya da kanta ce," na ce daga kan babur. "Ko zuwa gobe za ku tura ba za ta tashi ba."

Ba wanda ya waiwayo. Manaja ya zaro waya ya kira garejinsa, ya sa a lasifika don kowa ya ji irin mutanen da yake hulɗa da su. Wata murya mai zaƙi ta gaishe shi, ta yi masa fatan alheri, ta saurari bayaninsa har ƙarshe, sannan ta ce ya kawo motar su sa mata kwamfuta.

"Na ce miki ba ta tashi."

"To, ranka ya daɗe, da zarar ta tashi sai ka kawo ta."

Ya kashe lasifikar da sauri, amma Mai Kemis ya riga ya ji, ni ma na ji.

Yaya ta leƙo ta taga. "Abban yara, don Allah ka bar Auta ya duba. Aikinsa ne fa."

"Wannan ba irin akwalar da suke ƙwanƙwasawa a rumfa ba ce. Kwamfuta ce a cikinta. Waya ɗaya ya taɓa ba daidai ba, shi ke nan an kashe ni."

Na ce, "Gaskiya ne, Yallaɓai." Na ƙara naɗe hannu.

Ya koma tambayar wayarsa. Ya karanto mana da ƙarfi cewa dalilai bakwai ne ke sa mota ta yi wannan ƙara, na farko batir. Bai kai ga na biyu ba ya ce ai dama ya sani. Mai Kemis ya goyi bayansa, ya ce shi ma motar ta yi masa kama da wadda jininta ya yi ƙasa. Ni kuwa ina hangen fitilun gaban sitiyari, tar suke kafin a murza makulli, hon ma da ya danna sai da wata mata mai wucewa ta zabura. Batir da ya mutu ba ya irin wannan ihu. Na sani, na yi gum.

Aka kira mai batir. Takwas da minti arba'in ya iso a kan babur da sabo fil a kwali. Yana ganina ya washe baki.

"A'a, Oga! Kana nan kuma aka kira ni?"

"Baƙo ne ni," na ce. "Yi aikinka."

Ya dube ni, ya dubi Manaja, ya gane akwai magana, ya ja bakinsa. Ya kwance tsohon, ya ɗaura sabon, kuma kafin a gwada har ya ɗaure tsohon a bayan babur. Lafiyayyen batir, ko shekara bai yi ba. Manaja ya shiga, ya ce da Yaya ta gyara zama. Ya murza.

Ƙas.

Ko da muka waiga, mai batir ya sha kwana.

Gumi ya karyo wa Manaja. Rigar nan mai ɗaukar ido ta manne masa a baya. Ya murza ya fi sau goma a jere, kamar motar za ta gaji da gardama ta sallama. Can ya fito, ya tsaya yana kallon wani gini a tsallaken titi, ya yi magana kamar da ginin yake.

"Bakanike, in kana so ka duba, duba. Amma ka wanke hannu tukuna."

Na sauko daga babur ba gaggawa. Na wanke hannun kuwa, a famfon Mai Kemis, har da sabulu, yatsa bayan yatsa. Na buɗe ƙaramar jakar kayan aiki da ba na rabuwa da ita. Na leƙa, na ga farin gari ya taru a cikin maƙalar da ke kama kan batir, mai batir bai ko kankare ba. Na yi murmushi.

"Yallaɓai, da ma ka tambaya tun ɗazu. Datti ne ya hana wuta wucewa. Minti biyu."

Na kwance, na kankare har ƙarfen ya yi ƙyalli, na ɗaure tam. Na ja da baya, na kaɗe hannu yadda jama'a za su gani, don lokacin mutum biyar sun taru. "Tayar."

Ƙas.

Wani a cikin masu kallo ya yi tari. Manaja ya leƙo da kai ta taga, fuskarsa ta washe karon farko tun safe. Wallahi ya fi murna da wannan ƙas ɗin fiye da a ce ta tashi.

"Minti biyu, ko?"

Kunnuwana suka yi zafi. Na ce to kik ne, wato ɗan injin da ke fara juya babban. Wani lokaci yakan maƙale, in an ɗan buge shi sai ya saki. Na karɓi sifanar taya, na zura hannu, na ce ya murza ina bugu.

"Duka? Motata za ka daka?"

"Kaɗan ne."

"Na faɗa! Mai Kemis, ba na faɗa ba? Abin da suka iya ke nan, duka!"

Na buga, ya murza. Ƙas. Na ƙara. Ƙas.

A nan ne na daina wasan kwaikwayo. Abin da nake faɗa wa duk wanda ya zo koyon aiki wurina, kada ya yi cinta, ya bi wuta daga inda ta fito zuwa inda za ta koma, shi ne ni na tsallake saboda ina son a tafa min. Na share masu kallo daga raina. Wuta na fita daga batir ta jar waya zuwa kik. Na bi jar wayar da hannu, lafiya lau. Amma wuta ba ta aiki sai ta sami hanyar komawa, kuma hanyarta ita ce baƙar waya mai kauri da ke ɗaure a jikin injin. Na kai hannu kanta, na janye da sauri. Zafi kamar an ɗora ta a wuta. Wayar da ke ɗaure da kyau ba ta zafi haka.

Na ari wayar jona batir ta Mai Kemis. Na maƙala baki ɗaya a baƙin kan batir, ɗayan a jikin injin, na yi wa wutar sabuwar hanya. "Murza."

Injin ya yi gurnani ya kama. Masu kallo suka ce "Yawwa!" Na ce ya kashe.

"In kashe? Ka haukace?"

"Ciwon na gano, ban gyara ba tukuna. In ka taka rami wayar aro ta faɗi, a tsakiyar titi za ka kwana."

Da ƙyar ya kashe. Na zura hannu can ƙasa ta bayan injin, fatata na gogar ƙarfe, na bi baƙar wayar har ƙarshenta. Notin da ke riƙe da ita da yatsa biyu na juya shi. Ɗora shi kawai aka yi, ba a ɗaure ba. Ƙaramar wuta ta fitila da hon tana iya lallaɓawa ta wuce, amma babbar wutar da kik ke nema ba ta da hanya. Kusa da wurin na ga wata sabuwar roba, baƙa wuluk, ko ƙura ba ta hau ba.

"Yallaɓai, an taɓa nan kwanan nan?"

"Satin jiya suka canja min robar da injin ke zama a kai. Ƙwararru ne."

"Sosai. Sun kwance waya don su sami wurin aiki, suka mayar da ita da bismillah kawai. Kwamfutar ba ta riƙe sifana, shi ya sa."

Na goge bakin wayar, na ɗaure notin har sai da ya yi ƙara, na cire wayar aro. Ya murza, mota ta tashi bugu ɗaya. Manaja ya saurari injin yana gyaɗa kai.

"Na ce batir ne," ya ce da Mai Kemis. "Sabo ne, sai ya ɗan zauna ya saba da motar."

Ya juya zai ce wa Yaya su tafi, ya ga kujera wayam. Ya danna hon. Ya sake dannawa, yana kallon tagar bene.

"Wa kake kira?" in ji Mai Kemis. "Maman yara? Ai ta tafi tun tara da 'yan mintoci. Sau biyu ta yi muku sallama. Kai kana cewa an daki motarka, shi kuma kansa na cikin injin. Ni na tsayar mata da tasi."

Na dubi agogo. Goma saura kwata. Na dubi babur ɗina da ke jingine a inuwa, tankinsa cike, wanda da tun kafin tara ya sauke ta a ƙofar ɗakin jarrabawa. Daɗin da nake ji tun safe ya bi iska.

Manaja ya kira wayarta, a kashe. Ya ɗauko tsohuwar jarida ya shimfiɗa a kujerar baya.

"Shiga. Ko za ta sake yi a hanya."

Muka isa kwalejin da ake jarrabawar goma da rabi, an rufe ƙofar zauren. Mai gadi ya ce bai san wa ya shiga wa bai shiga ba, mata masu jaka sun fi ɗari. Manaja ya sami gindin bishiya ya tsaya. Na jira ya kashe mota. Bai kashe ba.

"Yallaɓai, kashe ta mana. Sai sha biyu da rabi za su fito."

"In kashe ta ƙi tashi a gaban mutane? A'a."

"Na ɗaure notin."

"Kai ka ce minti biyu ɗazu."

Muka zauna, injin na aiki, na'urar sanyi na busawa. Can wajen sha ɗaya na leƙa ta kafaɗarsa na ga allurar mai ta kwanta, 'yar fitilar gargaɗi ta kama.

"Mai ya kusa ƙarewa. Mu je mu sha mu dawo."

"A gidan mai sai an kashe mota."

"To kashe ta a nan."

"Bakanike, ka ƙyale ni."

Na ƙyale shi. Ya daɗe yana kallon ƙofar zauren, yana murza zoben hannunsa. Da ya sake magana, muryarsa ta sauka.

"Kana ganin ta samu shiga?"

"Ban sani ba."

"Wata uku tana karatun nan. Ni nake kashe mata fitila in barci ya kwashe ta a kan littafi." Ya ja numfashi. "Ta yi fushi, ko?"

"Yaya ba ta fushi da baki. Ka fi ni sani."

Ya gyaɗa kai. Na ɗan ji tausayinsa, har na fara tunanin ko mutum ne kamar kowa. Sai motar ta yi shessheƙa sau biyu, ta girgiza, ta mutu.

"Ka gani! Ka ga aikinka!"

"Murza ka ji."

Ya murza. Kik ya juya injin garau, gur-gur-gur, ba ƙas ko ɗaya. Na nuna masa allurar mai da yatsa. Ya dube ta kamar yau aka saka ta a motar.

Muna tsaye a waje, ya aro galan wurin mai gadi yana miƙo min, ni kuma na sa hannu a aljihu ina nazarin ganyen bishiya, sai aka buɗe zauren. Yaya ta fito cikin jama'a. Ta hango mu, ta tako a hankali. Ta dubi galan, ta dubi rigar mijinta, ta dubi baƙin mai da ya ɓata min hannu har gwiwa.

"Kin samu shiga?" muka tambaya baki ɗaya.

"Saura minti biyar a rufe ƙofa. Me ya faru kuma?"

Manaja ya fara bayani, ya taso tun daga batir. Ta ɗaga hannu.

"Wa ya gyara ta?"

Na ce ni ne.

"Wa ya ƙarar da man?"

Manaja ya dubi galan ɗin da ke hannunsa.

"To wanda ya gyara ya zauna. Abban yara, gidan mai na bayan shataletale."

Manaja ya kama hanya da galan a hannu cikin tsakar rana, yana tafe yana riƙe shi nesa da jiki. Na bi shi da kallo, dariya na cina. Na juyo in raba ta da Yaya, na tarar ni take kallo.

"Kai kuma me kake wa dariya? Shi dai girman kai ne, na san abina, da shi na aure shi. Kai fa? Tun ƙas na farko ka san ba batir ba ne, na ga fuskarka. Babur na ƙarƙashinka, yayarka na zaune tana kallon agogo, ka naɗe hannu kana kallon wasa. Ni na goye ka, Auta. Ko 'Yaya zo in kai ki' ba ka iya cewa ba."

"Yaya, ki yi haƙuri."

"Na yi. Riƙe min jaka, ƙafata ciwo take."

Na riƙe. Na tambaye ta jarrabawa, ta ce tambaya ta huɗu ta ba ta wuya, sauran da sauƙi.

Manaja ya dawo bayan rabin awa, ya zuba rabin man a tanki, rabi a takalminsa. Mota ta tashi bugu ɗaya. Muka kama hanya, warin fetur ya cika ko'ina. Da muka zo daidai wani babban kanti Yaya ta ce a tsaya, za ta yi wa yara sayayya. Ya tsaya, hannunsa na kan makulli, ya kasa murzawa. Ya nemo idona a madubi.

"In na kashe, za ta tashi?"

Na san za ta tashi. Notin nan ko shekara goma ba zai motsa ba.

"Allah ne masani, Yallaɓai," na ce.

Yaya ta miƙa hannu ta kashe motar da kanta, ta zare makullin ta jefa a jaka, ta fita ta rufe ƙofa. Sai da ta shige kantin muka tuna gilasan motar da wuta suke sauka. Manaja ya danna maɓalli, ya sake dannawa. Muka buɗe ƙofofi, shi a gaba ni a baya, kowa ya zuro ƙafa waje yana fifita da abin da ya samu. Ni da jaridar da nake zaune a kai, shi da hularsa. Ba ta fito ba sai bayan minti arba'in.